Daga Motar Majigi Zuwa Wayar Malami

Malama: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu tattauna ne a kan amfani da hoto da sauti da bidiyo a cikin aji, kuma Malam, tun kafin mu fara naɗi ka ce mini abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Malam: Ƙwarai kuwa, Malama. A zamanin Turawa motar majigi kan zagaya garuruwan Arewa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da daddare, a nuna wa jama'a tsabta da dabarun noma, mai fassara kuma yana gefe yana bayani da Hausa. A Nijar ma tun 1964 aka fara gwajin koyar da 'yan firamare ta talabijin da taimakon Faransa. Sa'ad da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo aka koma wa a Kano da Kaduna.

Malama: Mai fassarar nan da ka ambata shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin na taɓa ƙoƙarin yin aiki ba tare da shi ba, na kuma sha kunya. Na kunna wa ɗalibaina bidiyon zagayawar jini mai tsawon darasi guda, na koma gefe na zauna, ajin ya yi tsit har na ɗauka karatu ya shiga. Washegari da na tambaye su ɗakunan zuciya nawa ne, sai aka yi ta kallon juna, alhali kowa ya riƙe launin rigar mai bayanin.

Malam: Wato sun yi kallo ne irin na fim.

Malama: Shi ke nan. Yanzu ba na wuce minti uku, kuma kafin in kunna sai na rubuta tambaya a allo, misali me ke hana jini komawa baya. Da an zo inda ƙofofin zuciya ke rufewa sai in tsayar, in sa yaro ya fito ya nuna da yatsa, sannan in maimaita wurin. Binciken Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Amurka, ya nuna cewa magana haɗe da hoto ta fi magana kaɗai zama a ƙwaƙwalwa, amma kiɗa da ƙawa marasa alaƙa da darasi suna rage fahimta.

Malam: Ni kuwa a matsayina na malamin harshe, sauti na fi dogara da shi, ko da yake an fi raina shi. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi kamanninsu ɗaya a takarda. Idan na naɗi muryar ɗalibi da waya, ko da manhajar Audacity wadda kyauta ce, na mayar masa ya ji da kunnensa, yakan kama kuskurensa tun ban buɗe baki ba.

Malama: Sai dai masu saurare za su ce, ina wutar? Waya ɗaya kuma ba ta isar ajin da ya cika maƙil.

Malam: Gaskiyarsu ne, shi ya sa ƙaramar sifika mai caji ta fi mini majigi amfani, tunda murya tana kaiwa layin baya. Bidiyo kuwa a gida nake sauke shi, in tura wa abokan aiki ta Xender ba tare da ƙona data ba.

Malama: Kuma kafin a ɗauki hoton ɗalibai ko muryarsu, musamman 'yan mata, a nemi yardar iyaye, kada kuma abin ya tsallaka daga wayar malami zuwa WhatsApp. Ni dai hotunan da na fi amfani da su na zaizayar ƙasa ne da na ɗauka a bayan makarantarmu bayan damina, domin yaran sun san kwazazzabon, ta gefensa suke bi kullum.