Biza ta ƙare, takardar aiki ba ta fito ba

Asma'u: Assalamu alaikum masu sauraro, Asma'u ce daga nan Sakkwato, tare da Malam Bello. Malam, tun makon jiya saƙonni suke shigowa kan magana guda. Shekaranjiya ma wata baiwar Allah daga Mabera ta same ni har gida, hannunta yana rawa, ta kunna mini muryar ɗanta, ma'aikacin jinya a Ingila, yana cewa bizarsa ta ƙare kwana tara ke nan, bai kuma shigar da sabuwar takardar neman izinin aiki ba.

Bello: Allah ya kawo masa mafita. Malama Asma'u, abin da nake so iyaye su gane shi ne, ranar da ke jikin biza ita ce iyaka. A Ingila, wanda ya shigar da takarda kafin ranar ta cika, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya rufa masa asiri, domin izininsa yana ci gaba da sharuɗɗansa har a yanke hukunci. Wanda kuwa ya bari ranar ta wuce, ko da kwana ɗaya ne, ya fita daga wannan inuwa.

Asma'u: Amma ai mutane suna ta cewa akwai sassaucin kwana 28.

Bello: Wannan tsohon zance ne, kuma ya jefa mutane da yawa cikin wahala. Tun watan Nuwamba na 2016 aka soke shi, aka mayar da shi kwana 14, su ma ba kyauta ba ne. Sai mutum ya nuna dalilin da ya fi ƙarfinsa, kamar kwanciya asibiti ba shiri ko rasuwar makusanci, ya haɗa da shaida a rubuce, sannan jami'i ya duba ya gamsu. Mantuwa ba ta cikin lissafi. Kuma ko an karɓi takardar, ba shi da izinin fita aiki har hukunci ya fito, wanda nan ne yaranmu suke faɗawa rami, saboda kuɗin haya ba ya jira, ga kuma 'yan gida sun zuba ido ƙarshen wata.

Asma'u: To ina kwana 28 ɗin ya samo asali yanzu?

Bello: Ina ganin ana cakuɗa dokokin ƙasashe ne a WhatsApp. A Ostireliya, wanda ya bar ƙasar bayan fiye da kwana 28 da ƙarewar bizarsa yana iya fuskantar hanin shekara 3. Kanada tana ba da kwana 90 don neman maido da izini, amma ita ma ba a aiki kafin amsa ta zo. Amurka kuwa, wanda ya zarce kwana 180 ba bisa ƙa'ida ba sannan ya fita, shekara 3 ba zai koma ba, idan ya cika shekara guda kuma hanin ya zama shekara 10.

Asma'u: Malam, mun yi alkawarin taɓo masu zuwa Umara su tsaya neman aiki a Saudiyya, ga shi lokaci ya cinye mu.

Bello: Mu bar shi sai mako mai zuwa. Amma don Allah ki kira mahaifiyar yaron nan yau kafin magariba, ki gaya mata ya daina fita aiki, ya nemi lauya mai rajista, domin idan lissafinsa na shekaranjiya daidai ne, yau kwana goma sha ɗaya ke nan, kwana uku kacal suka rage masa cikin kwana 14 ɗin.