Ragon da ya sauko daga tirela

Halima: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Layya ta matso, tireloli sun fara ɗaukar raguna daga Maigatari da Potiskum zuwa Legas. Dakta, ga abin da mutane ke yawan tambaya: an sayi rago lafiya lau a kara, bayan 'yan kwanaki sai ga majina da tari. Dillali ne ya ɓoye cutar?

Dakta Bello: Ba kullum ba, Hajiya. Sau da yawa wahalar hanya ce. Dabbar da aka cusa a mota, ga ƙishirwa ga rana ga tsoro, jikinta kan saki sinadarin kotisol. Na ɗan lokaci yana taimaka mata ta jure. Amma in ya daɗe a jini, sai ya rage wa fararen ƙwayoyin jini kuzari, garkuwar jiki ta yi sanyi.

Malam Sani: To ita cutar daga ina ta shigo?

Dakta Bello: Da ma tana tare da shi, Malam. Akwai ƙwayar bakteriya mai suna Mannheimia haemolytica da ke zaune a hanci da maƙogwaron tumaki da shanu masu lafiya. Garkuwa na yin rauni sai ta gangara huhu. Galibi cikin makonni 2 da tafiyar ake ganin zazzaɓi da numfashi sama-sama.

Malam Sani: Wallahi ni lodin ne ke ci mini rai. Hawa-hawa ake jera su, fitsarin na sama na zuba kan na ƙasa, tafiyar sama da kilomita 1,000. Wani ma in ya faɗi, tattake shi ake yi. Rai ne fa, kuma ibada za a yi da shi.

Halima: Wanda ya riga ya saya fa, Dakta?

Dakta Bello: Ya ɗaure shi a inuwa, ruwa mai tsabta kar ya yanke, a fara da harawa. Kar a cika masa kwano da gero ko dusa ranar farko don ya yi ƙiba, cikinsa zai ɓaci. A ware shi daga dabbobin gida na makonni 3 saboda annobar PPR, cutar tumaki da awaki mai saurin yaɗuwa. Allurar rigakafi kuwa, ko ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ce, a bari ya huta tukuna, don jikin da ya galabaita ba ya amsa ta sosai.

Halima: In kuma ya daina ci?

Dakta Bello: A kira likitan dabbobi a ranar, kar a kwana.