Malam Aminu Kano da Mutanen Karkara

An gabatar da wannan lacca ne a harabar makarantar firamare ta wani ƙauye a ƙasar Ringim, a taron da ɗaliban garin suka shirya lokacin hutu. An rubuto ta daga faifan da aka ɗauka, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, malam Liman, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin darbejiya, da ku 'yan makaranta da kuka kira mu. An ce in yi magana a kan manyan mutanen tarihi. Suna da yawa, rana kuma ta yi, don haka zan tsaya a kan mutum ɗaya, Malam Aminu Kano. Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa tun yanzu, domin labarin Malam ba ya faɗuwa sai an taɓo sarauta.

An haife shi a 1920 a cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, wato ɗan gida ne, ba wanda yunwa ta tura siyasa ba. Ya yi karatu a Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, bayan ya dawo kuma aka tura shi kwalejin horar da malamai ta Maru. Wannan duk yana cikin littattafanku, ba zan daɗe a kai ba.

Abin da littafi ba ya nuna muku sosai shi ne yadda ƙauye irin wannan yake a lokacin. Kaka ta yi, an cire gyaɗa, an kai ta kan sikeli. Kafin kuɗin su kwana a aljihu, mai unguwa ya zo da sunaye. Kowane baligi akwai haraji a kansa, ko gona ta yi ko ba ta yi ba. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Wanda ya biya sai a ba shi 'yar takarda, ya naɗe ta cikin tsumma ko ya cusa a kuttun fata kamar laya, saboda idan ya tafi cin rani aka tare shi a hanya, ita ce shaidarsa. Wanda ya kasa biya, akuyar matarsa ce za ta tafi kasuwa, ko a shanya shi a rana a ƙofar fada. Bafulatani kuma jangali ne, ana ƙirga shanu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa da an ji masu ƙirga sun doso sai a kora rabin garke cikin daji. Ga aikin gayya a gonar mai mulki, wanda sunansa gayya amma ba ka isa ka ƙi ba. Idan ka ce za ka kai ƙara, ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne. To wa za ka kai wa?

Dattawan nan da ke gaba sun san ban ƙara gishiri ba. Baba, ga ka nan kana gyaɗa kai.

A cikin wannan hali aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ranar 8 ga Agusta 1950. Mutane da yawa suna zaton Malam ne ya kafa ta shi kaɗai. A'a. Mutum takwas ne suka zauna, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Malam yana Maru lokacin, yana aikin gwamnati. Sai da ya ajiye aiki ya shigo gaba ɗaya, a 1953 kuma ya zama shugabanta.

A nawa ganin, abin da Malam ya yi wanda ya fi komai shi ne ya cire wa talakan ƙauye tsoro. Bai gina hanya ba, bai haƙa rijiya ba, domin mafi yawan rayuwarsa ba shi da baitulmali a hannu. Amma ya zo kasuwannin ƙauye ya yi magana da Hausar da kowa yake ji, ya jawo aya da hadisi, ya tuna wa mutane abin da Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu suka rubuta game da zalunci da cin dukiyar talakawa. Nan ne ƙarfinsa yake. Da ya zo da Turanci da maganar Ingila, da an ce yaron Nasara ne, a wuce wurin. Amma malami ɗan malamai, mai yin tafsiri da azumi, yaya za ka kore shi da sunan addini?

Sai dai mu faɗi gaskiya, wuyar ba Malam ne ya fi shan ta ba. Tela da mahauci da mai shayi da ɗan koli, waɗanda suka karɓi katin NEPU mai tauraro a garuruwan da kowa ya san kowa, su ne aka ɗaure, aka yi wa bulala, aka ƙwace wa gona, wani ma surukai suka raba shi da matarsa. A Kano har ƙungiyar 'yan daba aka yi, ana ce musu Mahaukata, aikinsu tarwatsa taron 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, mace, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ita an san sunanta. Na ƙauyuka kuwa babu wanda ya rubuta su. Ku 'yan makaranta, kowannenku yana da waya mai ɗaukar murya. Ku je wurin kakanninku tun suna raye ku tambaye su wa aka kama a garin nan, a kan me, ya kuma aka ƙare. Wannan aikin ku kaɗai za ku iya yin sa.

Zaɓe ma bai zo masa da sauƙi ba. A 1951 zaɓen hawa-hawa ake yi, NEPU ta yi ƙoƙari a matakin ƙasa, amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutane a matakin sama, aka tashi babu ɗan NEPU ko ɗaya a majalisar Kaduna. Sai a 1959 Malam ya ci kujerar majalisar tarayya a Legas, a 1964 ya rasa ta. Zamanin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, sannan ta lafiya. A zamanin sojan nan ne kuma aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, abin da 'yan NEPU suka daɗe suna kuka a kai.

Iyayenmu mata, ku ma kuna da kaso. Matan Kudu sun yi zaɓe tun kafin 'yancin kai, na Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'ar zaɓen ƙasa ba sai 1979. Malam yana cikin waɗanda suka nace tun farko cewa a ba mace ilimi, a ba ta ƙuri'a, lokacin da faɗin haka yake jawo wa mutum zagi.

A wannan zaɓe na 1979 sabuwar jam'iyyarsa ta PRP mai alamar mabuɗi ta ci jihar Kano da ta Kaduna. Ku tuna lokacin babu Jigawa, sai 1991 aka yanke mu, don haka Abubakar Rimi gwamnanmu ne. Yana hawa ya soke haraji da jangali. Wanda ya taɓa ɓoye wa mai unguwa a cikin rumbu shi ya san daɗin wannan sanarwa. A 1980 kuma aka kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha, magidanta da furfurarsu suka zauna koyon baƙi da wasali.

Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Jam'iyyar da ya sha wahala a kanta ta dare gida biyu yana raye, aka koma ɓangaren santsi da ɓangaren taɓo, shi da gwamnoninsa biyu suka raba gari. Har gobe tsofaffin 'yan PRP ba su daidaita a kan wa ke da laifi ba. Ni dai ina ganin Malam ya fi gwanancewa wajen tayar da mutane fiye da riƙe jam'iyya mai mulki. Soke haraji ma ya bar baya da ƙura, domin ƙananan hukumomi sun koma jiran kason wata daga sama, mu kuma muka daina tambayar inda kuɗi suke tafiya tunda ba daga aljihunmu aka ciro kai tsaye ba.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin wani zaɓen. An sa wa filin jirgin sama na Kano sunansa, da asibitin koyarwa, a Dutse ma akwai dandali mai sunansa. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma ƙabarinsa yana nan ciki. Malaman makaranta, idan an samu kuɗin mota, a kai yaran nan su ga ɗakin da ya zauna.

Na ga hannaye sun fara tashi. Ranka ya daɗe Dagaci, kai ne aka fi taɓawa, don haka kai za ka fara.