Kwana a Queen Mary: Tsohon Jirgin Ruwan da Ya Koma Otal, Yana Sayar da Tsoro

Masu kallo, ku duba wannan dogon lungu da kyau. Ƙofofi ne jere dama da hagu, bangon duk katako mai sheƙi, fitilun kuma ba su da haske sosai. In kun lura, ƙasan ba a miƙe take ba, can ƙarshe ta ɗan lanƙwasa sama, har ba ka iya hango inda lungun ya tsaya. Ba kuskuren magina ba ne. Haka ake ƙera jirgin ruwa, goshi da baya su ɗaga, tsakiya ta kwanta. Wannan otal da kuke gani jirgi ne, sunansa Queen Mary, yana ɗaure a gaɓar garin Long Beach da ke jihar Kalifoniya ta Amurka tun shekarar 1967. Mutane na biyan kuɗi su kwana a cikinsa, wasu don tarihi, wasu kuwa don an ce musu fatalwa na yawo a ciki da dare.

Sai mun fara sanin jirgin kafin mu zo kan fatalwar, domin duk labarin da ake bayarwa daga jikinsa aka yanko shi.

A watan Disamba na 1930 aka soma ƙera shi a Clydebank, ƙasar Sikotilan, a ma'aikatar John Brown. Ko suna ba shi da shi a lokacin, lamba 534 ake kiransa. Shekara guda da farawa, karyewar tattalin arzikin duniya ta sa aiki ya tsaya cik, gangar jikin ta zauna a bakin kogi sama da shekara biyu tana tsatsa, dubban ma'aikata suna zaman kashe wando. Gwamnatin Ingila ce ta ba da rance, bisa sharaɗin kamfanin Cunard, mai jirgin, ya haɗe da abokin hamayyarsa White Star, wato kamfanin da ya mallaki Titanic. Ranar 26 ga Satumba 1934 aka tura shi ruwa, matar Sarki George na Biyar ta raɗa masa sunanta. Tafiyarsa ta farko kuwa ranar 27 ga Mayu 1936, daga Southampton zuwa Niyu Yok.

Tsawonsa ya kai mita 310, wato filin ƙwallo uku a jere. Ya fi Titanic girma nesa ba kusa ba. An yi masa ado da katako iri-iri har sama da 50, da yawansu daga ƙasashen da Ingila ke mulka a zamanin. A babban ɗakin cin abinci na masu hannu da shuni akwai taswirar Tekun Atlantika a bango, da ɗan ƙaramin jirgi na gilashi da ke matsawa a kanta, kana cin abinci kana ganin inda aka kawo. Gudu kuwa ba a magana. Ya karɓe kambin tsallake Atlantika daga jirgin Faransa mai suna Normandie a 1936, aka ƙwace, ya sake karɓowa a 1938, ya riƙe har 1952.

Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. Aka kwashe kayan alatu, aka shafe jirgin da fenti ruwan toka, aka jera gadaje hawa-hawa har a cikin wurin ninkaya. A nan ya sami laƙabin da Turawa ke kiransa da shi, wanda ma'anarsa ita ce Fatalwa Mai Ruwan Toka. Kun ga ke nan kalmar fatalwa ta manne masa tun kafin wani ya ce ya ga wani abu. Dalilin laƙabin shi ne launinsa da saurinsa: jiragen Jamus masu nutso ba sa iya cim masa. A watan Yuli na 1943 ya ɗauki mutum 16,683 a tafiya guda. Firaministan Ingila Winston Churchill ma ya sha tsallake teku a cikinsa, da sunan bogi a takardar fasinjoji.

To, ga abin da ni a ganina ya fi kowane labarin fatalwa nauyi. Ranar 2 ga Oktoba 1942, jirgin na gab da isowa, a arewa da gaɓar Ailan, ɗauke da sojojin Amurka kimanin 10,000. Wani tsohon jirgin yaƙin Ingila mai suna Curacoa ya fito yi masa rakiya. Queen Mary ba ya tafiya a miƙe, yana karkata dama da hagu don kada abokan gaba su saita shi. Kowane kaftin ya ɗauka ɗayan ne zai kauce. Babu wanda ya kauce. Queen Mary ya shiga tsakiyar ɗan rakiyar nasa, ya raba shi gida biyu kamar an sa wuƙa a kabewa. Kuma bai tsaya ba, domin umarnin da aka ba shi ke nan: ko me ya faru kada ya tsaya, tsayawa na iya jawo a nutsar da dubban da ke cikinsa. Sojojin da ke kan bene suna kallon mutane a ruwa, jirgi na ci gaba da tafiya. Sama da mutum 300 suka mutu, kimanin 100 aka tsamo bayan sa'o'i. Aka rufe maganar sai bayan yaƙi. Daga baya kotu ta ɗora kashi biyu bisa uku na laifin a kan rundunar sojan ruwa, kashi ɗaya a kan kamfanin jirgin.

Bayan yaƙi ya yi jigilar matan da sojojin Amurka da Kanada suka aura a Turai, da jariransu, sannan a 1947 ya koma ɗaukar fasinja. Abin da Jamus ta kasa yi masa, jirgin sama ne ya yi. Wa zai kwana huɗu ko biyar a teku alhali zai iya isa a yini guda? Kamfanin ya yi ta tafka asara, har ya sayar wa birnin Long Beach da shi a kan dala miliyan 3.45. Ya tsallake Atlantika sau 1,001. Da zai tafi gidansa na ƙarshe, mashigin Panama ya yi masa kaɗan, sai da ya zagaya ta ƙarshen Kudancin Amurka. Ya bar Southampton ranar 31 ga Oktoba 1967, wadda ta yi daidai da daren da Turawa ke bikin dodanni, ya iso ranar 9 ga Disamba. An buɗe otal ɗin a 1972.

Yanzu in ka kama ɗaki, me za ka tarar? Kada ka sa ran irin otal ɗin Dubai. Ɗakunan na fasinjojin da ne, sama da 300, kusan kowanne da fasalinsa. Tagar 'yar zagayayya ce irin ta jirgi, wasu ɗakunan na ciki ma ba su da taga sam. A banɗaki za ka ga tsofaffin kawunan famfo guda huɗu: ruwan gishiri mai zafi da mai sanyi, ruwan daɗi mai zafi da mai sanyi, don a zamanin ana ganin wanka da ruwan teku magani ne. Bangon siriri ne ƙwarai. In maƙwabcinka ya yi tari sai ka ce masa sannu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Fatalwowin da ake tallatawa suna da yawa, amma huɗu ne kan gaba. Akwai mace mai fararen kaya da aka ce tana rawa ita kaɗai a wani zaure kusa da fiyano. Akwai ƙaramar yarinya da aka ce ta nutse a wurin ninkaya, ana jin dariyarta, ana ganin sawun ƙafa a jiƙe alhali wurin ya shekara da shekaru babu ɗigon ruwa. Akwai ƙofa mai lamba 13 can ƙasa wajen injin. Sai kuma uwa uba ɗaki mai lamba B340, inda baƙi ke cewa ana yaye musu bargo, famfo na buɗe kansa, ana ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe a ga wayam.

Mu tace su. Na ƙofa 13 yana da tushe: a 1966 wani matashin ma'aikaci ɗan shekara 18 ya mutu a wurin, ƙofar ƙarfe mai hana ruwa shiga ta matse shi. Wannan yana rubuce. Haka wani hafsan jirgin da ya rasu a 1949 bayan ya sha ruwan wanke kaya mai guba da aka zuba a kwalbar giya. Amma yarinyar wurin ninkaya, babu ita a kundin jirgin, kuma jirgi irin wannan ba ya rasa fasinja a yi shiru. Mai fararen kaya ma babu wanda ya san ko wacece. Abin lura shi ne, shekara 31 jirgin ya yi yana aiki, ba a san shi da wannan suna ba. Sai da aka ɗaure shi, musamman daga shekarun 1980, labaran suka yi ta yaɗo, a daidai lokacin da masu gudanar da shi ke neman abin da zai jawo jama'a. Kamfanin Disney ma ya riƙe shi daga 1988 zuwa 1992, ya sake shi don ba riba. Da walakin, goro a miya.

Ɗakin B340 ya daɗe a rufe, sai aka sake buɗe shi a 2018, kuma ranar da aka zaɓa Juma'a ce 13 ga Afrilu, ranar da Turawa ke camfawa. A lokacin kwana ɗaya dala 499 ne. An ajiye wa baƙo katunan duba, da ƙwallon gilashi irin na bokayensu, da allon da suke cewa ana magana da matattu da shi. Wato dai an shimfiɗa maka tabarmar tsoro kafin ka ajiye jaka.

Mu a wajenmu lissafin daban ne. Musulmi ya san wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya buɗe famfo. In Bahaushe ya ji motsi a kangon gida, aljanu zai ce, ya yi addu'a ya wuce, ba zai biya kuɗi ya kwana a wurin ba. Ko da yake mu ma muna da fatalwa a tatsuniya da hirar dare, abin gudu ce, ba hajar kasuwa ba. A Amurka kuwa sana'a ce mai zaman kanta. A kan wannan jirgi akwai zagayen dare da ɗan jagora, akwai masu zuwa da na'urori suna neman muryoyi, a watan Oktoba kuma a shirya bikin tsoratarwa a harabarsa, da 'yan wasa sanye da kayan dodanni. Mujallar Time ta saka shi cikin wurare 10 da suka fi suna da fatalwa a 2008, wannan kuwa talla ce da kuɗi ba ya saya.

To amma mutanen da ke rantsuwa sun ji wani abu, ƙarya suke yi? Akasarinsu a'a. Jirgin yana kan ruwa har yanzu, an dai kewaye shi da katangar duwatsu, yana hawa yana sauka tare da tumbatsar teku. Jikinsa farantan ƙarfe ne da aka haɗa da ƙusoshi kimanin miliyan 10. Da rana ƙarfe ya sha zafin Kalifoniya ya buɗe, da dare ya huce ya tsuke. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano ya san ƙarar da rufi ke yi bayan magariba. To ku ninka wannan a gini mai tsawon mita 310. Ga tsofaffin bututun ruwa, ga bango siriri, ga wagegen rami a cikinsa inda aka cire tukwanen tururi, murya na shiga ta fito a wani bene daban. Ga kuma abin da muke kira dannau, ka farka ka kasa motsi, ka ji kamar an hau ƙirjinka, ka ga inuwa tsaye a kanka. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jiki, kuma ya fi samun wanda ya gaji, ya sauya wurin kwana, ya kwanta da fargaba. Baƙon B340 ya cika duka ukun. A 1997 wasu masu bincike a Amurka sun zagaya da mutane wani tsohon gidan kallo, rabi aka ce musu akwai fatalwa, rabi aka ce gyara kawai ake yi. Waɗanda aka tsorata su ne suka fi ba da rahoton jin abubuwa.

Abin da ke cin jirgin da gaske tsatsa ce. Wani binciken injiniyoyi da ya fito a 2017 ya ƙiyasta gyaransa zai iya kai wa dala miliyan 289. An rufe shi a 2020 lokacin korona, kamfanin da ke haya ya durƙushe, birnin ya karɓi abinsa a 2021. An sauke yawancin kwale-kwalen ceto da ke rataye a gefensa saboda nauyinsu na lalata jikin, aka sa sababbin injinan zuƙe ruwa, aka sake buɗewa a 2023. Kuɗin ɗaki da tikitin zagayen dare na cikin abin da ke riƙe da shi a saman ruwa.

In Allah ya kai ɗayanku can, ga shawarata. Ku nemi ɗaki mai taga ta ɓangaren da ke kallon gari, ku tafi da abin toshe kunne. Ku sauka ɗakin injin da rana, ku wuce ta ƙofa 13, ku ƙarasa inda aka gina akwati a jikin jirgin don a ga farfela ɗaya da ta rage cikin huɗu, tana kwance a ruwa mai duhu, an haska ta da fitila daga ƙasa. Mutane da yawa sun ce nan ne gabansu ya fi faɗuwa, alhali ba a taɓa cewa akwai fatalwa a wurin ba. Daga nan ku nufi goshin jirgin. 'Yan jagora za su ce muku a nan ake jin bugun ƙarfe da ihun mutanen Curacoa. Goshin da ya yi karon ma an gyara shi tun lokacin yaƙi, an fara cike shi da siminti, aka ƙarasa aikin a Boston. Su kuwa mutanen, mafi yawansu suna can ƙarƙashin teku a arewa da Ailan, dubban kilomita daga Long Beach.