Sharhi: Gubar dalma a tsofaffin gidajen Amurka

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa bayanin gubar dalma ba. Ɗaruruwan yara suka rasu. A can daga duwatsun zinare ta fito. A Amurka kuwa, jikin bango take, cikin fenti.

Sai a 1978 gwamnatin Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidajen zama, amma haramcin bai kankare wanda aka riga aka shafa ba. Tsofaffin gidajen suna nan a birane irin su Baltimo da Kilifland, kuma talakawa ne suka fi zama a cikinsu, galibi 'yan haya.

A dubi taga kawai. Duk lokacin da aka ɗaga ta aka sauke, katako na gugar katako, tsohon fenti ya zama ƙura. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Sau da yawa ba zazzaɓi, ba wata alama. Sai ya shiga makaranta a fara cewa ba ya gane karatu, alhali ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwarsa ba ta gyaruwa.

Shi ya sa ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, take ba birane da ƙananan hukumomi kuɗi, su kuma su tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, musamman gidajen da ke da yara 'yan ƙasa da shekara 6. A sauya tagogi, a rufe fentin ko a cire shi, a share ƙura, sannan a dawo a sake aunawa. Mai gidan haya da ya karɓi tallafin sai ya ci gaba da ba marasa ƙarfi hayar gidan na aƙalla shekara 3.

Tsari ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne a wurare da dama ba a waiwayar gida sai an ga dalma a jinin yaro. Wato da jikin yaro ake gwada gida! Birnin Rochesta na jihar New York ya ƙi yarda da haka. A 2005 ya kafa dokar duba gidajen haya tun kafin wani ya kamu, ta fara aiki a 2006, kuma yawan yaran da ake samu da gubar ya ragu sosai. Sauran biranen da ke karɓar kuɗin HUD su ma su fara tura masu duba gidaje tukuna.