Jawabin Sakatare a Taron Wata na Ƙungiya, Nima, Accra, Ghana

Shugaba, kafin Ma'aji ya karanto lissafi, a ba ni dama in yi magana a kan ɗan'uwanmu mai albasa da ke kwance a asibiti. Kun san shi, ba sai na kama suna ba. Yana tsaka da sauke buhuna ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci sun ce hawan jini ne, ga shi yanzu ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi. Abin da ya hana ni barci shi ne ba mu ji labari ba sai da maiɗakinsa ta rasa kuɗin magani ta tako da ƙafarta. Haba jama'a! Sahunmu ɗaya da shi a masallaci, amma babu wanda ya ce yau ina wane?

Tun da aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie aka kai ta Adjen Kotoku a 2021, bawan Allahn nan kafin asuba yake fita, sai bayan isha'i yake shigowa. 'Ya'yansa a barci yake barinsu, a barci yake tarar da su. Kuma wa ya fi shi a cikinmu? Na Kasoa da Ashaiman a cunkoson hanya suke ƙarar da rabin yininsu. Koko a tsaye, wake da shinkafa a cikin motar haya ta trotro, kai na sara a haɗiye ƙwaya a ci gaba. Liman bai gama sallama ba waya ta fara kuka.

Na san abin da ke korarmu. Doka ta ce kada kuɗin hayan da za a karɓa a gaba ya wuce na wata shida, masu gida suna neman na shekara biyu. Gida ana jiran aike. Waɗanda gobarar kasuwar Kantamanto ta cinye wa jari a Janairun 2025 har yau suna fafutukar tashi. Ban ce kowa ya rufe shago ya kwanta ba. Amma shi da ya yi gudun nan duka, yau wa ke buɗe masa rumfa?

Kakanninmu fatake watanni suke yi da jakuna daga Kano zuwa Salaga neman goro, suna yada zango, suna hutar da dabbobi, suna duba marar lafiya a ayari. Da wannan natsuwa suka kafa unguwannin da muke tinƙaho da su. Wallahi ina kewar la'asar ɗin gida, a shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, in dattijo ɗaya bai fito ba kafin magariba an aiki yaro ya dubo shi. A nan mutum ya kwanta, makwabcinsa bai sani ba.

Ga roƙona. Ranar Juma'a in an sauko, kada kowa ya ruga. Mu zauna awa ɗaya a nan, waya a aljihu, mu ga fuskar juna. A sayi na'urar awon jini a ajiye a ofis, domin ciwon nan sau da yawa ba ya yin sallama, awonsa kuwa 'yan mintoci ne. Wanda katinsa na inshorar lafiya ta NHIS ya ƙare ya danna *929# ya sabunta. Iyayenmu mata, ku taya mu tsare mazan nan a gida ko da yini ɗaya a mako.

Rahoton wata: an amsa wasiƙu, an gyara fanka, maganar fili tana nan yadda take. Kuɗin wata kuwa, da yawanku kun ce ba ku samu sukunin kawowa ba, shi ya sa da matar nan ta zo asusu bai iya komai ba. Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa, a biya kafin a fita. Gobe bayan azahar za mu asibiti, masu zuwa su ɗaga hannu in rubuta.