Shin Tsofaffin Finafinan Nan Sun Kai Yadda Ake Zuzuta Su?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Kwanan baya na zaunar da ɗan yayata, ɗalibin jami'a ne mai sha'awar harkar fim, na kunna mana Citizen Kane a kwamfuta. Ko minti ashirin ba mu yi ba ya juyo ya ce, "Kawu, wai wannan ne ake ta kambamawa?" Ban ga laifinsa ba. Hoto baƙi da fari, mutane sanye da kwat suna ta surutu, babu faɗa, babu tsere. Tambayarsa ce ta haifi sharhin yau.

Fim ɗin ya fito a Amurka a 1941, lokacin Orson Welles, wanda ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin jarumi, yana da shekara 25 kacal. Labarin wani attajiri ne mai gidajen jaridu mai suna Kane, wanda ya tara duniya ya mutu shi kaɗai a ƙaton gida, kalmar "Rosebud" ce ta ƙarshe a bakinsa. Sai wani ɗan jarida ya bazama yana bin waɗanda suka san shi don gano ma'anarta. Kowa a lokacin ya gane da William Randolph Hearst ake, hamshaƙin mai jaridu na gaske, shi kuwa ya hana jaridunsa tallata fim ɗin. Kasuwa ba ta yi kyau ba. A gasar Oscar an sa shi takara a gurbi 9, ya tashi da kyauta ɗaya tak, ta rubutun labari.

Sunan daga baya ya zo. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masu sharhin finafinai duk bayan shekara goma, wane fim ne ya fi kowanne. Daga 1962 har 2002 Citizen Kane ne a sama. A 2012 Vertigo na Alfred Hitchcock ya ture shi, a 2022 kuma fim ɗin Chantal Akerman 'yar Beljiyam, Jeanne Dielman, ya hau, fim na sama da awa uku da yawancinsa mace ce ke aikin gida. Finafinan ba su canza ba ko da daƙiƙa ɗaya. Masu jefa ƙuri'ar ne suka canza.

To, ya cancanci sunan? Ni dai na mayar da yaron baya zuwa wata fitowa guda, na ce ya zuba ido. Uwa tana zaune a teburi tana sa hannu a takardar da za ta miƙa ɗanta, wato Kane yana yaro, ga wani ma'aikacin banki ya rene shi. Uban yana tsaye gefe yana ƙorafin da ba mai saurara. Can ta taga kuma, ga yaron a waje yana wasa cikin dusar ƙanƙara, bai san ana yanke masa rayuwa ba. Su duka a hoto ɗaya, na kusa da na nesa kowa tar ake ganinsa. Wannan aikin mai ɗaukar hoto Gregg Toland ne. Ba wanda ya buɗe baki ya ce maka ana raba ɗa da gidansu, idonka ne ke kai wa da komowa tsakanin alƙalamin uwar da yaron. Akwai kuma inda aka nuna mutuwar aure cikin 'yan mintoci a teburin karin kumallo: ana farawa Kane da matarsa kusa da juna suna raha, ana ƙarewa kowa a ƙarshen teburi ya rufe fuska da jarida, ita ma jaridar abokan hamayyarsa take karantawa.

Matsalar ita ce an kwaikwayi waɗannan dabaru har sun zama ruwan dare. Yaron da ya tashi yana ganin su a kowane fim, in ya zo ga tushen sai ya ga kamar ba komai. Ta fuskar gwaninta, fim ɗin ya ci sunansa, ba na ko tantama. Amma zan faɗi gaskiyata: yana burge ni, bai taɓa sa ni hawaye ba. Kane mutum ne da ake kallo daga nesa, ko lokacin da aka jefa ɗan katakon zamiyarsa na yarinta cikin wuta, aka ga "Rosebud" a jikinsa, kaina ne ya gamsu kafin zuciyata.

Akwai kuma wani irin suna da ba masu sharhi ne suka ba da shi ba. Ku tambayi iyayenmu da suka yi zamanin silimar Plaza ko Orion a Kano game da Mother India. Mehboob Khan ne ya yi shi a 1957, Nargis ta fito a matsayin Radha, matar manomi da bashin wani mai ba da rance da ruwa ya cinye musu gona. Dutse ya danne hannayen mijinta, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta zo ta share abin da ya rage. Ita ta ja garma da kafaɗarta ta reni 'ya'yanta. A ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya zo zai sace 'yar mai rancen, ita da kanta ta ɗaga bindiga ta harbe shi.

Mutanenmu ba sa jin Indiyanci, amma sun yi ta komawa kallonsa shekara da shekaru, saboda sun san bashi, sun san fari da ambaliya, sun san uwar da ke kwana da yunwa don yara su ci. Na sake kallonsa da idon yau, kuma aibinsa a fili yake. Ya yi tsawo, ya kusa awa uku. Wasu wuraren barkwancin sun tsufa, kukan ma wani lokaci ya wuce kima. Duk da haka, da aka zo inda ta rungumi ɗan da ta harba, sai da na kau da kai.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yanke wa waɗannan finafinai hukunci. An yi su ne don babban allo, a cikin duhu, cikin taro, ba mai tsayarwa ba mai turawa gaba. Mu kuwa a waya muke kallo, saƙo na shigowa, yatsa na kan allo. Wannan yaron da ke wasa a bayan taga, a allon waya bai fi ƙwayar gero ba. Wanda bai gan shi ba kuwa, bai ga fitowar ba gaba ɗaya.

Ɗan yayata ya gan shi a karo na biyu. Ya yi shiru, ya ce in sake mayarwa. Har yanzu yana kan bakansa cewa fim ɗin ya cika sanyi, ni ma ban ja da shi a nan ba. Mun yi alƙawarin ranar Asabar za mu zauna wa Mother India, a talabijin ɗin falo, wayoyi a kashe, kuma mahaifiyarsa ta ce a ajiye mata wuri.

A huta lafiya.